Dariya ba magani ba ce: labarin Mandisa da masu auna jikin ɗiyan mutane

Yau ba farashin hatsi ko maganar hanya muka kawo ba. Labarin wata mata ƴar Amurka ne, wadda da yawanmu ba su taɓa jin sunanta ba. Mun kawo shi ne saboda abin da aka yi mata sau ɗaya a tele, mu muna yi wa ɗiyanmu shi kullum, a gidan buki, a fada, a cikin wayoyinmu, kuma muna kiran sa wasa.

Sunanta Mandisa Hundley, amma da Mandisa kawai aka san ta. Baƙar fata ce, an haife ta a 1976 a jihar Kalifoniya, ta yi karatun waƙa a jami'ar Fisk da ke birnin Nashville. Kirista ce, kuma waƙoƙin addininta take rerawa. Allah ya ba ta murya, ya kuma ba ta jiki.

A farkon 2006 aka nuna ta a gasar waƙa ta American Idol, wadda miliyoyin mutane ke kallo. Ta tsaya gaban alƙalai uku a birnin Shikago, ta rera, suka yaba, suka ce ta wuce zagaye na gaba. Tana fita daga ɗakin sai ɗaya daga cikinsu, Simon Cowell, ɗan Ingila, ya juya yana tambaya ko bana an tanadi dandamalin da ya fi na bara girma. Da abokiyar aikinsa ta kwatanta Mandisa da wata tsohuwar ƴar gasa mai suna Frenchie, sai ya ce ai ta fi kama da ƙasar Faransa ɗungurungum. Aka yi dariya, aka naɗa, aka ajiye.

Ita ba ta ji ba a ranar. Sai da aka watsa shirin ta ji, tana zaune da ƙawayenta da suka taru don taya ta murna. Ku ɗan tsaya ku hango abin. Ranar da ta fi kowace rana a rayuwarki, ƙasa duka na kallo, sai ga jikinki an mayar abin dariya.

Da suka sake haɗuwa gaban kyamara, kowa ya zaci za ta wanke shi tas. Ba ta yi ba. Ta gaya masa a fili cewa maganarsa ta yi mata ciwo, har ta yi kuka. Sannan ta ce ta yafe masa, kuma ba sai mutum ya roƙi gafara ake yafe masa ba. Ta ce tunda a imaninta Yesu ya mutu don a gafarta mata nata laifuffukan, ita ma za ta iya yi masa irin wannan alherin. Mutumin da ya yi suna da kaifin baki ya rasa ta cewa, ya ba ta haƙuri, suka rungumi juna.

Ba ta ci gasar ba, ta tara ta zo. Amma a 2007 ta fitar da faifanta na farko mai suna True Beauty, ma'ana kyau na gaskiya, kuma a 2014 faifanta Overcomer ya samu lambar yabo ta Grammy. A tsakanin waɗannan shekaru ta rage sama da kilo 45.

In da tatsuniya ce, nan za mu ce ƙurunƙus. Amma labarin bai ƙare nan ba, kuma sauransa shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mandisa da bakinta ta faɗi cewa an ci zarafinta tana ƙarama, an kuma yi mata fyaɗe tana budurwa, kuma tun daga nan abinci ya zama maɓoyarta. A 2014 aminiyarta, wadda ta daɗe tana yi wa addu'a, ta rasu da sankarar nono. Mandisa ta rufe kanta a gida, ta daina amsa waya, ta yi fushi da Ubangijinta, ta koma ga abinci. Nauyin da ta rage ya dawo duka har da ƙari. Ta ce har tunanin kashe kanta ta yi. Abin da ya fito da ita, ƙawayenta ne da suka bi sawunta har gidan silima, suka manne motarta da ƴan takardu ɗauke da kalmomin ƙauna, suka tsaya jiranta, suka matsa mata sai ta je ta ga masanin ciwon damuwa. Ta je. A 2017 ta dawo da faifan Out of the Dark, wato fita daga duhu, ta dinga ba da wannan labari ba ɓoye-ɓoye. Ranar 18 ga Afrilu 2024 aka tarar da gawarta a gidanta da ke Franklin, jihar Tenesi, tana da shekara 47. Binciken likitoci ya ce matsalolin ƙiba mai tsanani ne sanadi.

To, a nan ne za mu yi ta da mutane huɗu, kuma dukkansu suna cikinmu.

Na farko shi ne mai cewa, "Haba, ai wasa ne, mi ya yi zafi?" Malam, mu ba baƙin wasa ba ne. Ƙasar wasa ce tamu. Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Babarbare, taubashi da taubashiya, kowa ya san yadda ake yi, har UNESCO ta saka wannan al'ada tamu cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasan nan yana da doka. Gaba da gaba ake yin sa. In ka jefa, sai ka tsaya a rama. Kuma in an tashi, ku biyu ne ke dariya. Cowell ya jira sai da ta fita. Shi ke da kujera da kyamara, ita ba ta da bakin ramawa. Haka nan wanda ya ɗauki hoton amarya a gidan buki ya jefa a WhatsApp, aka bi shi da "wagga ai buhun gero ce", "Allah ya ba angon haƙuri", "gadon zai ɗauka kuwa?" Ina ramuwa a nan? Ina dariyar amarya? Mutum ɗari na ƙyalƙyatawa, mutum ɗaya na kuka a ɗaka ranar aurenta. Wannan cin mutunci ne da aka yafa wa rigar wasa. Kuma kada mu yi ƙarya, mu ma masu wannan rubutu mun taɓa danna alamar dariya a ƙarƙashin irin wannan hoto. Laifi tudu ne, mun taka namu kafin mu hango na wani.

Na biyu shi ne mai cewa, "To ba ga shi ba? Ƙibar ce ta kashe ta. Ashe Baturen gaskiya ya faɗa." Wannan maganar ita ce ta fi ci mana rai, don tana kama da hankali. Ba mu musun cewa ƙiba mai tsanani cuta ce. Tana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, ciwon gwiwa. Wanda ya ce ba haka ba ya yaudare ku. Amma ku gaya mana, wace mai ƙiba ce ba ta san tana da ƙiba ba? Tana da madubi, tana da tela, tana hawa kabu-kabu tana jin abin da mai babur ke faɗi ƙasa-ƙasa. Labarin da kake kai mata ta riga ka sani da shekara ashirin. Abin da kai ba ka sani ba shi ne dalili. Cowell jiki ya gani, bai ga yarinyar da aka keta wa haddi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da a ce zafin maganarsa ya taɓa zaburar da ita, me ya faru da baƙin ciki ya zo? Kilo 45 suka dawo, don miki na ciki, kuma gori ba ya kai hannu can. Masu bincike kan lafiya sun daɗe suna nuna cewa wanda ake yi wa gorin ƙiba ya fi saurin komawa ga ci a ɓoye, ya fi gudun motsa jiki a gaban mutane, ya fi gudun zuwa likita don kada a sake goranta masa. Kenan mai dariya yana tura marar lafiya nesa da magani, sannan in ta mutu ya ce ai na faɗa. Tsakanin mai gori da ƙawayen da suka tsaya a bakin gidan silima, wa ya ƙara mata shekarun aiki da waƙa? Amsar a fili take.

Na uku shi ne mai son labarin ya yi zaƙi, mai cewa ta yi imani, shi ke nan, komai ya warware. Wannan ma ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Imaninta bai mayar da ita siririya ba. Bai hana ta faɗawa ciwon damuwa ba. Bai hana ta mutuwa da cutar da ta yi ta fama da ita ba. To me ya ba ta? Ya ba ta ƙafar tsayuwa. Ya koya mata cewa darajarta ba a kan sikeli take ba, kuma ba a bakin alƙalin gasa take ba. Shi ya sa ta iya kallon wanda ya wulaƙanta ta ido cikin ido, ba zagi, ba sunkuyar da kai. Shi ya sa ta ci gaba da hawa dandamali da jikin da aka ce dandamali ba zai ɗauka ba. Shi ya sa daga baya ta iya fitowa ta ce jama'a, na faɗi, na yi fushi da Allah, na nemi taimako. Nasarar da ta ci ke nan, kuma ba ƙarama ba ce: kunya ta daina riƙe mata wuya. Mu a nan, in mace ta rufe kanta a ɗaka ta daina magana, me muke cewa? "Rashin tawakkali ne." "Ba ta addu'a." "Iskoki ne." Ga mace da addu'a ce sana'arta, waƙar yabon Ubangiji ce abincinta, amma sai da ta zauna gaban masani. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya hana marar lafiya ɗaya da sunan ɗaya, ya cuce ta.

Na huɗu shi ne mai cewa, "Ina ruwanmu da mawaƙiyar Kirista ta Amurka?" Ba mu ce kowa ya karɓi aƙidarta ba, kowa da addininsa. Amma Musulminmu da Kiristanmu, a kasuwa ɗaya muke ciniki, kuma duk mun yarda cewa ba wanda ya halicci kansa. In ka ɗauki tulun Mirya ka kushe shi, maginiyar ka taɓa. Muna faɗin haka da baki, sai dai da zarar ɗiyar wani ta gifta mu manta. Ita Mandisa ta ɗauki wannan magana da gaske a ranar da ta fi wuya. In mai wani addini ya riga ka aikata abin da kai ma ka ce ka yi imani da shi, abin yi shi ne ka ji kunya ka gyara.

Kuma ruwanmu ya fi haka yawa, don ciwon nan yana cikin gidajenmu, sai dai ya juya riga. A Amurka mai jiki ake yi wa dariya. A nan, shekara da shekaru, ramammiya ce ke shan ta. "Sillen kara." "Ƙashi da rai." "Mijinta ba ya ciyar da ita." Wasu har su raɗa, "Ko dai ciwon zamani ne?" Amarya ta yi wata uku ba ta cika ba, dangin miji sun fara kallon-kallo, uwarta ta fara jin kunyar shiga mutane. Son ƙiba tsohon abu ne a ƙasar nan. Zabarmawa na da bukin Hangandi, inda mace ke cin tuta da cikar jiki. Larabawan Azawak, can arewacin Tawa, an san su da ɗura wa ƴan mata madara da kunu tun suna ƙanana don su yi jiki kafin aure. Da can hatsi da nono ne. Yau ƙwaya ce.

Kowa ya san "sha ka fashe". Kowa ya san mai tallan magani da ke yawo da tire ko kwali cikin rana, yana ƙirga ƙwayoyi a leda. Abin da ke cikin ledar galibi dekzametazon ne da siproheptadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo, na ɗan lokaci. In aka daɗe ana sha, fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi laushi, garkuwar jiki ta faɗi. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Amma ranar buki mu ne za mu tare ta da guɗa, "Masha Allah, kin yi kyau, aure ya karɓe ki!" Da bakinmu muka tura ta, da bakinmu muke tafa mata.

Haka maganar fata. "Baƙa wuluk." "Gindin tukunya." Yarinya ta ji wannan tun tana aji uku, me kuke zato za ta yi da jaka biyun farko da ta shiga hannunta? Man bilicin za ta saya. A cikin irin waɗannan mayukan ana samun idrokinon, da zaiba, da magunguna dangin dekzametazon ɗin nan. Zaiba na lalata ƙoda. Idrokinon, in an daɗe, yana barin baƙaƙen tabo a kunci da ba sa fita. Sauran na sirantar da fata har ta kai in an yi wa mace tiyatar haihuwa ɗinki ya yi wuyar kamawa. Duk don me? Don wani ɗan fada da ko kuɗin shayinsa ba shi ke biya ba ya ce fara yake so.

Yanzu kuma waya ta kawo sikeli na biyu. TikTok da Instagram sun ce ciki ya shafe, ƙugu ya tsuke, baya ya cika. Sai ga shayin rage tumbi, ga maganin ƙarin ƙugu, ga ɗamarar matse ciki, duk ana tallarsu a waya ba wanda ya san abin da ke ciki. Ɗiyarmu ta tsaya tsakanin kakarta da ke cewa ki ƙara da wayarta da ke cewa ki rage. Ta rame a yi dariya, ta cika a yi dariya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa matsalar ba a jikinta take ba. A bakinmu take. Baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan karon wuyan ɗiyan mutane yake yankawa.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba abu ne mai tsada ba. Wanda ke riƙe da rukunin WhatsApp ko shafin Facebook, in an jefo hoton ɗiyar wani don a yi mata dariya, ya goge, ya ja kunnen wanda ya jefo. Mu a wannan shafi daga yau haka za mu yi, kada wanda ya ji haushi. Iyaye mata da gwaggwanni da surukai, ku daina gaida yarinya da awo. "Kin rame" da "kin yi ƙiba" ba gaisuwa ba ce. Magidanta, wanda ya ce wa matarsa dubi matar wane, ya sani shi ya aike ta wurin mai tire. In da gaske lafiyar ƴar uwarka ce ta dame ka, akwai hanya: ka same ta ita kaɗai, ka yi magana da taushi, ka raka ta likita a auna jini da sukari, ka tashi da asuba ku taka tare, a rage mai da sukari a tukunyar gidan gaba ɗaya, ba a kwanonta ita kaɗai ba. Mai ƙauna rakiya yake yi.

Ke kuma ƴar uwa da kika daɗe kina shan ƙwayoyin nan, ki ji da kyau: kada ki yanke su rana ɗaya. Dekzametazon in jiki ya saba da shi, dainawa kwatsam na iya kayar da mutum, har ta kai ga rasa rai. Ki je CSI mafi kusa, ki faɗi gaskiyar abin da kike sha da tsawon lokacin, a rage miki sannu a hankali. Ba abin kunya ba ne. Masu kunya su ne waɗanda suka tura ki. In kuma duniya ta yi miki duhu har kin fara tunanin da Mandisa ta yi, ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, yau, kada ki bari sai gobe.

Malamai da fastoci, ku ma da naku. Ana wa'azi kan suturar mata dare da rana. Muna roƙon a ware ko da rana ɗaya a yi kan bakin masu kallonsu.

Mandisa ta yafe wa wanda bai roƙe ta ba. Wannan halinta ne da imaninta, kuma ya yi mata kyau. Amma kada mu jingina da shi, muna zuba magana muna jiran a yafe mana kyauta. Magana zarar bunu ce. Kowannenmu ya san wata da ya taɓa laƙaba wa suna, a lakwal, a unguwa, ko a cikin gidansu, kuma wataƙila har yau da sunan take kwana. Lambarta na cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. Cowell, da duk taurin kansa, ya buɗe baki ya ba da haƙuri a gaban duniya. Kai ba a ce ka yi a tele ba.

Allah ya sa mu gyara. Sai mun ji daga gare ku.